Bugun Farko da Sandar Babana

Ran kasuwar Batsari da ta wuce ina zaune a rumfar wani mai goro, muna ta gardama ko goron bana ya kai na bara daɗi, sai na ji ƙas! daga bayana. Wallahi ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Ashe wani yaro ne ya gama gwigwiyar goruba, ya cilla ƙwallon sama, ya tare shi da sandar korar jaki. Mai goro ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai ya ɗauka kunama ce ta same ni a inda ba a faɗi. Na bar shi ya yi dariyarsa. Baƙo ne, bai san da ƙarar nan aka rene ni ba.

To bari in gaya maka, don kai ma na ga alama in an ce ƙwallo, abin da ke zuwa ranka shi ne ƙunshin tsumman nan da yara ke shura da ƙafa kamar ya yi musu laifi. Mu a namu zamanin, tun Nasara bai zo ba, Sarkin Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, ƙwallo na goruba ne, kuma da sanda ake bugunsa. Wasan ba wuya a baki. Mutum ya tsaya da sanda, wani ya ja baya da 'yar tazara ya jefo masa, shi kuwa ya tare ƙwallon a sama ya aika shi iyakar inda Allah ya nufa. Jifa uku ake yi wa kowa, wanda nasa ya fi nisa shi ya ci. Shi ke nan. Amma je ka tsaya gaban ƙato ya jefo maka busasshen ƙwallon goruba, ka dawo ka ba ni labarin sauƙinsa, in da sauran haƙori a bakinka.

Wasan kaka ne. Sai an yanke gero, dawa ta shiga rumbu, gari ya cika da ƙanshin harawa da gasasshiyar gyaɗa, sannan makaɗa su fara ɗaure ganguna. Kada kuma ka ɗauka wasan yara ne. Akwai waɗanda sana'arsu ke nan da zarar an ajiye lauje. Su bi gari gari, daga wajenmu kusa da Yasore har Runka har Safana, ana ba su damman gero da riguna, wani ma har da ɗan maraƙi. Fagen da ya fi kowanne girma namu ne, wani fako shimfiɗaɗɗe a bayan ganuwa, can ƙarshensa da wani tsohon suri wanda ya fi mutum tsawo.

Gwanayen kakar ƙarshe da babana ya buga, har yau in tsofaffi sun zauna su ake lissafawa. Akwai wani maƙeri daga Safana, gajere, faɗinsa ya kusa tsawonsa. Shi ba ya ɗaga ƙwallo sama, ƙasa-ƙasa yake aika shi kamar kibiya, 'yan kallo na tsalle suna salati. Matsalarsa ɗaya, yana yawan fasa ƙwallo, kuma in ya fashe ba a ƙirga bugun. Kullum yana baya yana zagin gorubar ƙasarmu, wai ba ta da zuciya. Akwai wani Bafulatani bahago daga gefen daji, siriri kamar karan dawa, ba ya magana, ba ya karɓar riga, sai dai in ka ba shi kanwa ya kai wa shanu. Samansa sai baffan Runka. Haka muke ce masa a gida. Ɗan ƙanen kakata ne, wato taubashin babana, ƙato mai murya kamar ganga. In zai buga sai ya ɗaga sanda ya nuna wa jama'a bishiyar da zai kai ƙwallon. In ya kai, ya zagaya fage yana rawa. In bai kai ba, iska ce.

Sai babana a samansu duka. Ba shi da girman jiki, ba shi da baki. Sandarsa ta marke ce, ta yi baƙi don riƙo. Zai tsaya shiru, ƙwallo na zuwa, har ka ce mutumin nan barci ya ɗauke shi, sai kawai ka ji ƙarar, ka ga kawunan jama'a sun juya gaba ɗaya. Baffan Runka ya ce ba gwaninta ba ce, lalaci ne, wai babana ƙyuyar ɗaga hannu yake yi sai ya ga ba makawa. Babana ya ce to, kai mai himma, zo mu gani. Haka suke tun suna yara.

Da damina ta faɗi, ana cikin noman farko, mahara suka ɓullo daga daji bisa dawaki. Babana na gona mai nisa. Suka kwashe shi da wasu mutum kaɗan. Da aka je, fartanyarsa na kwance a kunya, goran furarsa na rataye a reshe ko sha bai yi ba. Ba jini, ba gawa.

Sauran gidajen sun jira abin da suka iya, suka yi sadaka, matan suka shiga takaba. Kakata kuwa ta ɗauki tabarma ta zauna a bakin zaure. Duk wanda ya zo ya durƙusa zai fara ya haƙuri, sai ta tare shi.

"Gaisuwar mi? In sannu da aiki ce, na amsa. In ta mutuwa ce, ka ɓata hanya, gidan gaba ne."

Liman da kansa ya ce a ƙyale ta, wanda ba a ga gawarsa ba shari'a ba ta gaggawar binne shi.  Mahaifiyata kuwa kullum tana zuba tuwon babana a akushinsa ta rufe, da safe a ɗumama mana shi.

To a nan fage ya shigo. Ka san kowane wasa da dokarsa. A wajenmu gwani gwani ne har sai an kayar da shi ido da ido. Ranar buɗe fage shi ke bugun farko, na biyunsa ke jefa masa, kuma dole ƙwallon ya wuce suri. In gwani ya yi tafiya, kamar masu zuwa fataucin goro, wani daga jininsa ya buga da sandarsa. In ya wuce suri, an san mai sanda matafiyi ne, girmansa na nan yana jiransa. In kuwa gwani ya mutu, ko gidansa ya kasa, sarkin fage ya karɓi sandar ya karya ta a gaban jama'a, makaɗi ya kaɗa takensa na ƙarshe, ba kuma za a sake kaɗa shi ba. Ka ga abin da liman bai yi ba, fage na shirin yi. Ranar da aka karya sandar nan, babana ya mutu a bakin duk ƙasar, ko kakata ta yarda ko ba ta yarda ba.

Babana ba shi da wa, ba shi da ƙane, 'yan'uwansa duk mata. Namijin da ya rage a jininsa ni ne, ni kuwa lokacin ko azumi ban fara kaiwa magariba ba. In na tsayar da sandar a ƙasa, kanta na taɓa mini haɓa.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe fage, sarkin fage ya zo, wani dattijo mai sanyin hali, baffan Runka na biye da shi yana ta sunkuyar da kai. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da amfanin gona da jikoki har da awaki. Sannan dattijon ya gyara murya.

"Inna, mun zo ne a rufa wa yaron nan asiri. Ki ba mu sandar a nan cikin gida, mu yi abin da ya kamata ba taro ba ganga."

"Ka ga gawa, Sarki?"

"Ban gani ba."

"Kai fa, ɗan ƙanena? Ko kai ka gani, shi ya sa ka taho tun daga Runka da sabuwar hula?"

"Haba Gwaggo," in ji baffa, muryar nan tasa duk ta shige ciki. "Wallahi da ana fansar mutum da hannu, da na ba da nawa. Amma dubi yaron nan. Sandar ta fi shi nauyi."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Wanga maigidan nawa? Ai ko sauro bai iya kashewa sai na taya shi. Amma shi za ya buga. Ku gaida gida."

Daga ranar na shiga uku. Da hantsi ta sa ni casar wake da sandar babana har kafaɗuna su mutu. Da yamma ta kai ni bayan rumbuna da ƙwarya cike da ƙwallayen goruba, ta yi ta jifana. Tsohuwar nan ta yi shekaru tana korar birai daga gona, hannunta ba ya kuskure. Goshina ya yi ƙulu-ƙulu kamar buhun gwaza. In na yi kuka ta ce, "Yi da ƙarfi, mahara su ji, su san akwai sauran maza a gidan." In na same shi kuwa ba ta yabo, sai dai da dare in ga an ƙara mini man shanu a miya.

Shekarar nan mutane da yawa sun ce kada ma a buɗe fage, tunda a bayan ganuwa yake, daji kuma ga shi nan. Dattawa suka ce an kwashe mana mutane, ba za mu haɗa musu da fage kyauta ba. Aka ɗora 'yan baka bisa dutse su yi tsaro, aka fita bayan la'asar. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Maƙerin Safana ya zo, bahagon nan ya zo ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dogare da sanda. Mata suka jeru can gindin tsamiya, don mace ba ta taka fage, wai tana karya lagon masu bugu.

Na shiga ina jan sanda. Surin nan da nake hawa kullum ina wasa, ranar sai na ga ya koma kamar yana Safana. Baffan Runka ya tsaya gabana da ƙwallo a hannu, idonsa ya yi ja. Ya ce a hankali, "Kada ka ji tsoro, ɗana. Ba zan ji maka ciwo ba."

Ya jefo na farko kamar mai miƙa ƙwai. Ni da na saba da jifar kakata, na kai sanda tun ƙwallon bai iso ba, nauyinta ya juya ni na ba jama'a baya. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Ya jefo na biyu, shi ma a sanyaye. Wannan na jira shi, na same shi a tsakiya da duk abin da Allah ya ba ni. Ya tashi, ya yi kyau a sama, har wasu suka fara kuwwa. Sai ya sauko ya faɗi tim, da sauran tafiya mai yawa kafin suri. Na tsaya ina kallonsa. Na san ba ni da wani ƙarfin da na ɓoye. Na ga sarkin fage ya fara naɗe hannun riga.

Sai hayaniya ta tashi daga gindin tsamiya. Na waiga, ga kakata ta ɗaure zane ta taho tsakiyar fage, tana taku ɗai-ɗai kamar gonarta. Maza na ihu, "A'a Inna! Koma! Mace a fage!" Wasu na dafe layunsu. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ba wajena ta nufa ba, gaban baffa ta je ta tsaya, kanta iyakar ƙirjinsa, ta ɗaga murya yadda na kan dutse ma za su ji.

"Kai, wannan jifa ce ko tsaba kake watsa wa kaji?"

"Gwaggo, don Allah ki koma. Yaro ne."

"Ashe gaskiyar ɗana, da ya ce hannunka na mai shafa wa amarya lalle ne. Jama'ar Runka, wanga ne gwaninku? Ni na goye shi. Fitsarin kwance bai bari ba sai da gemu ya fara fito mashi, ku tambaye ni, ni ke shanya tabarmar!"

Fage ya fashe da dariya. Maƙerin Safana har da faɗuwa ƙasa. Bafulatanin nan da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ranar an gani. Baffa ya kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Gwaggo, kin san in na sake hannuna zan iya kashe yaron nan?"

"Kai? Da wane hannun? Jefa mashi yadda kake jefa ma ubanshi, in ka isa. In ba ka isa ba, ba ni ƙwallon, ka tahi gindin tsamiya ka riƙe mani zane."

Ta juya ta fita, ba ta ko dube ni ba.

Ban ga jifa ta uku ba, jin ta na yi, tana fito kamar maciji. Ban kai sanda da ƙarfi ba, babu ma lokacin. Na dai kafe ƙafa, na kawo sandar daidai inda goshina ya saba karɓa a bayan rumbu. Ƙarar ta shige mini har cikin haƙora. Babban yatsana ya tsage, na zauna daɓas a ƙasa. Daga zaunen na ga kawunan jama'a sun juya gaba ɗaya. Ƙwallon ya tafi, ya tafi, ya daki kan suri, ya ɓantare masa ƙasa, ya faɗa ta baya.

Sai daga baya na gane abin da tsohuwar ta hango daga gindin tsamiya. Ƙwallon da ya zo a sanyaye, kai za ka ba shi duk ƙarfin tafiya, ni kuwa ba ni da shi. Wanda ya zo da gudu, tare shi kawai za ka yi daidai, ya koma da gudun da ya zo da shi. Tausayin baffa ne ya kusa karya sandar. Ƙarfin da ya kai ƙwallon nan bayan suri nasa ne, ita kuwa ta san inda ake taɓa shi ya fito.

Wasu 'yan Runka suka fara cewa dukan suri ba wuce suri ba ne. Sarkin fage ya taka har can, ya leƙa, ya ɗaga hannu. Makaɗi ma bai jira shi ba, ya riga ya saki taken babana. A nan ne mahaifiyata, wadda ba a ji kukanta ba tun damina, ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe.

Baffa ya zo ya ɗaga ni da hannu ɗaya, ya duba yatsan, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure. Sannan ya nufi tsamiya.

"Gwaggo, kin tozarta ni gaban Runka da Safana, kin kuma sa na jefar da girmana da hannuna."

"To ka zo ka ci tuwo," in ji ta. "Akwai na taubashinka a rufe. In ya dawo ka biya shi."

Ya ci kuwa, har da neman ƙari.

Tun daga ranar kowace kaka ni ke bugun farko. Baffan Runka ya fi kowa nisa shekara da shekaru, amma har ya koma ga Allah na biyu ake kiransa. Yakan ce shi kaɗai ne mutumin da wanda ba ya nan ya hana shi sakat. Bai kuma sake yi mini jifar tausayi ba, ga tabo nan a girata in kana son shaida.

Da na girma na shiga fatauci. Mutane na cewa ƙafata ba ta zama, gaskiyarsu. Na je Damagaram, na je Agadas, na je Kukawa, na sha ruwan Gwanja, har Ikko na ga teku. Kaya nake kaiwa, amma a kowace kasuwa fuskokin dattawa nake bi da kallo, har an taɓa kama ni da zargin maita a wani gari don na ƙura wa wani tsoho ido. Ko ina nake dai, in na ga gero ya fara sunkuyar da kai, sai in juya akalar jaki.

Bayan zuwan Nasara wasu da aka kwashe sun dawo. Ɗaya daga cikin mutanen garinmu ya iso, ya tsufa tukuf. Ya ce rabonsa da babana tun bakin wata rijiya can arewa inda aka raba su, ya waiga ya gan shi tsaye. Kakata na kwance lokacin, ciwon ajali. Ta ce, "Kun ji? Tsaye."

Yanzu ganuwa ta zube, awaki ke hawa. Ana kwana a gona ba mai tsaro bisa dutse, wannan kam alhamdu lillahi. Fagen ma an nome rabinsa, masu zuwa kallo ba su cika inuwar tsamiya ba. Akwai wani saurayi daga Safana, jikan maƙerin nan, bugunsa ya fi na kowa a yanzu, kuma shi ba ya fasa ƙwallo. Bara bayan na yi bugun farko, da ƙyar ya wuce, kafaɗata na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya zo ya durƙusa da ladabi.

"Baba, don Allah a sakar mana girman nan haka. Ko mahaifinka yana raye ai yanzu ba ya iya ɗaga cokali."

Na ce, "Ashe ka san shi? Kai ni inda yake, in riƙe maka riga ku kara."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Yaron kirki ne, kuma na san lissafi kamar yadda ya sani. Ba mahaukaci ba ne ni. Amma na bi ƙasashe da ƙafata, ba wanda ya nuna mini kabari, don haka sadakar da nake yi duk Juma'a ta matafiyi ce. Wata kakar ƙwallon zai faɗi gaban suri, na sani, ba sai an gaya mini ba. Ranar su karya sandar, dokar fage ce, ba zan yi gardama ba. Amma kafin ranar, duk mai son sandar nan sai ya zo fage ya jefo.